Sun Rufe Injinka a Gilashi

Zuwa ga Malam, maigidana, uban Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka a durƙushe kamar yadda na saba, ina roƙon Allah Ya sa gaisuwar nan ta tarar da kai cikin rahama da yalwar makwanci. In ka tambayi gida, muna nan Agege, muna godiya. Binta ta koma ɗakinta a Abule Egba, cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura kamar yadda nawa suka yi lokacin nata cikin. Ruwa ya fara ja baya, sabon goro yana shigowa zango. Iya Sikira maƙwabciyarmu tana gaishe ka. Na ce mata ba a aika gaisuwa can, ta ce, “Ke dai rubuta, ai ba ke za ki kai ba.”

Kai ka matsa mini na shiga ajin manya na koyi boko, ina tafiya ina mita. Yau ga ranarsa. Zan ba da takardar nan a buga, don ba kai kaɗai nake so ka ji ba. Duk wanda ya taɓa sa hannu ya juya injinka, ya kamata ya san abin da aka yi masa.

Malam, sun rufe injinka a cikin gilashi. Sun kewaye shi da jar igiya, sun kafa allo sun rubuta kada a taɓa. Ni kuma na yanke wata magana a kanka ba tare da na tambaye ka ba, kuma ta hana ni sukuni. Bari in ɗauko maka daga tushe, sai ka yi mini hukunci.

Ka tuna ranar da Ticha ya biyo ka har gida, dogon malamin makarantar nan mutumin Abeokuta, wanda ke cikin kwamitin zauren jama'a na kusa da tashar Iddo. An ware musu ɗaki guda don nuna wa mutane abubuwan kimiyya. Sun jera duwatsu da taswira da ƙwarangwal ɗin biri, kowanne a akwatinsa na gilashi. Yana son abin da zai nuna yadda jirgin ƙasa ke tafiya, aka ce masa a loko, inda ake gyaran jiragen ƙasa, akwai wani fita, wato mai haɗa inji, Bazazzagi da ke mayar da ragowar ƙarfe abin kirki. Ya shimfiɗa maka zanensa a kan tabarma. Ina daga bayan labule na ji ka ce, “Ticha, in dai kallo ne, ga jirgi can yana wucewa safe da yamma, ba a hana kowa kallo. Ni abin da zan ƙera sai an taɓa shi.”

Wata bakwai tsakar gidana ta zama maƙera. Duk Lahadi, da duk yammacin da ka dawo da wuri, kana tsugune kana goga. Kajina suka koyi tsallake noti. Abin da ya fito ƙaramin kan jirgin ƙasa ne mai tsawon tabarmar salla, ka tsaga gefensa kamar yadda mahauci ke buɗe rago, ana ganin duk kayan ciki. In an juya mariƙi, haƙoran ƙarfe su kama juna, fistin ya shiga ya fita, sanda ta tura ƙafafu, ƙafafu su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ka ɓoye ɗan zugazugi a ƙasa, in an yi juyi uku sai ya cika, usur ya yi kuka. Na tambaye ka amfanin usur, ka ce, “Wanda ya yi aiki ai sai a ce masa sannu.”

Ni na san dalilin da ya sa abin ya shiga ranka haka. Innata, Allah Ya jiƙanta, a Ikko aka haife ta, a gefen layin dogo ta tsufa, amma har ta koma ga Allah ba ta yarda cewa ruwa da gawayi ne ke jan jirgi ba. Ta ce aljani Bature ya kulle a tukunya, shi ya sa yake huci. Ka yi mata bayani har ka gaji. Daga baya ka ce mini, “Ba laifinta ba ne. Da baki na gaya mata. Da hannunta ya ji, da ta yarda.”

Ranar Asabar ta farko da aka kafa shi a zauren, ka tafi da sabuwar riga ka dawo kamar wanda aka yi wa sata. Ka ce wuni guda ka yi a kan benci kana kallon masu kallo. Ticha ya rubuta allo da Turanci da Yarabanci da Hausa cewa a juya nan, amma babu wanda ya juya. Ka ce, “Asabe, kamar masu dubiya a asibiti. Hannu a baya, su leƙa, su ce sannu, su wuce.” Wani ma sai da ya cire takalmi a bakin ƙofa.

Na ce maka mutanenmu ne ba su waye ba. Ka ɗaga kai ka dube ni, irin duban da ba ka cika yi mini ba. Ka ce, “Kul. Laifina ne. Mariƙin sabon ƙarfe ne, yana ƙyalli. Talaka ba ya taɓa abu mai ƙyalli a babban gini, don ya san abin da ke biyo baya. Allon kuma da mutum nawa yake magana?”

Washegari ina daka, na ga ka tsaya ka ƙura wa hannuna ido. Na ɗauka wani abin kirki ne ya faɗo maka a rai, har na gyara ɗaurin zane. Ashe taɓaryata kake aunawa. Taɓaryar Inna ce, wadda ƙugunta ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannunta da nawa. Na je ɗebo ruwa, kafin in dawo ka sa zarto ka fitar da tsakiyar don ka yi mariƙi da ita. Kwana biyu ban yi maka magana ba, tuwonka ma a bakin ƙofa nake ajiyewa. Ka sayo mini sabuwa a Oshodi, ta yi mini bororo a tafin hannu. Ka zauna kana shafa mini man kaɗanya kana cewa, “Yi haƙuri, 'yar Ikko. Hannu yana gane inda hannu ya riga shi. Duk macen da ta ga wannan icen ta san na kamawa ne, ba sai an rubuta mata ba.”

Gaskiyarka ce, ko da yake ban faɗa maka a lokacin ba.

Daga nan ka shiga gyare-gyaren da ba su cikin zanen Ticha. A zanensa mariƙin yana gefen hagu. Ka lura mutane suna zuwa su tsaya, su rasa yadda za su yi, don ba wanda zai miƙa hagu ga abin mutane a gaban jama'a, Bahaushe ne ko Bayarabe. Ka kwance rabin injin ka mayar da shi dama. Ka rage tsayin teburin, ka ajiye 'yar kujera a gindinsa don masu ƙaramin tsayi.

Nauyin juyin kuwa da hannun Iya Sikira ka auna shi. Ka san yatsunta sun ƙage saboda shekarun da ta yi tana wanke goro tana naɗe shi a ganye. Ka dawo da injin gida, ka kira ta, ka ce in ta iya juyi uku har usur ya yi kuka, to kowa zai iya. Ta gwada ta kasa, ka sassauta. Ta sake gwadawa, ya tafi salalau kamar iska, ka ce a'a, ya yi sako-sako, ka ƙara ɗaurewa. Ta riƙe ƙugu ta ce, “Baba Binta, ni kake gwadawa ko injin? In ni ce, ka biya sadakina tukuna.” Ka ce mata abin da bai ɗan ja da mutum ba, mutum ba ya jin ya yi komai. Kana so hannu ya ji daidai inda fistin ke turjewa, don a nan ne tururi yake aikinsa a jirgin gaske.

Sai kuma mahauta. Su ba su san a hankali ba. Matasan nan masu damtse, in sun taso daga mayanka sai su biya zauren su yi gasar wanda zai sa usur ya fi daɗewa yana ihu. Ticha ya tsorata, ya ce a hana su. Ka ce, “In na hana mai ƙarfi, gobe zan hana mai datti, jibi in hana mai yara. Wa ya rage?” Maimakon haka ka cire kusar ƙarfen da ta haɗa mariƙi da sandar injin, ka fere guntun asuwaki ka sa a gurbinta. In an juya da hankali, icen ya riƙe. In an fizga, shi ne zai karye, mariƙi ya yi ta juyawa shi kaɗai, haƙoran ciki ba abin da ya same su. Sai a zare guntun a sa wani. Ka ce ka zaɓi asuwaki ne don babu kasuwar da ba a sayar da shi. Ka koya wa Baba Soja, tsohon sojan da ke gadin zauren, yadda ake canzawa, ka bar masa gwangwanin sigari cike da su.

Ban manta yadda ka faɗa ba: “Duk abin da jama'a za su taɓa, sai ka bar masa inda zai karye. In ba ka zaɓa masa ba, shi zai zaɓa, kuma mai tsada zai zaɓa.”

Sau ɗaya ka kai ni na gani da idona, ni da Iya Sikira, a jirgin safe. Ɗakin ya cika. Sauran akwatunan gilashin ba kowa a gabansu, birin nan yana ta yaƙe shi kaɗai. Wata mai sayar da kifi ta ajiye tirenta a ƙasa ta kama ƙugun taɓaryata kamar a gidanta take. Da usur ya yi kuka ta saki ta yi baya da salati, sannan ta dawo ta sake. Wani Bafulatani da ya rako shanu daga arewa ya juya a hankali, ya tsaya, ya mayar baya, yana bin sandar da ido. Ya ce, “Ashe tura shi ake yi, kamar mai tuƙa tuwo.” Kana can jikin bango, ba wanda ya san kai ne, kana ta murmushi kana sosa gemu. Na juya ni ma. Na ji wurin da yake turjewa. Na tuna Inna, na ja mayafi na rufe fuskata.

Shekara biyu yana aiki. Mariƙin ya ƙara baƙi, kujerar ta lotsa a tsakiya. Kai kuwa in ka dawo daga dubawa sai ka ce, “Yau an karya uku,” kana murna kamar an yi maka haihuwa.

Da ciwon haƙarƙarin nan ya kwantar da kai farkon damina, kana zaune jingine da bango, numfashi yana yi maka wuya, amma wuƙa tana hannunka kana fere asuwaki. Na ce ka bari. Ka ce gwangwanin Baba Soja ya kusa ƙarewa. Ka cika shi, ka aika masa. Bayan kwana shida Allah Ya karɓi abinsa.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba. Mutane suna ta zuwa gaisuwa, har abokan aikinka na loko, amma ba wanda ya ce mini uffan game da injin, don ba a kawo wa mai takaba ɓacin rai. Ni kuma ina zaune a ɗaki, in na ji jirgi ya wuce sai in ce a raina, ko ba komai akwai wani wuri a Ikko da hannun mutane ke kan aikinka yanzu haka. Da wannan na riƙa lallashin kaina. Ashe a lokacin tuni sun gama da shi.

Kwana biyu da fitata na ce wa Iya Sikira ta raka ni. Tun daga bakin ƙofar ɗakin na ji shiru. Ga injinka a tsakiya, an ɗaga shi kan wani dogon tebur, an kifa masa akwatin gilashi. Sun shafe shi da koren fenti har kan haƙoran, har kan fistin. Inda taɓaryata take, an sa mariƙin tagulla yana walƙiya, a cikin gilashin, inda ko mai son taɓawa ba zai kai ba. Kujerar babu. Mutum uku na tarar, hannayensu a baya.

Baba Soja ya gan ni ya taso, ya yi mini gaisuwa, sannan ya kasa haɗa ido da ni. Shi ya ba ni labari. An yi wa Ticha canjin wurin aiki zuwa Ibadan tun kafin sadakar arba'in ɗinka, aka naɗa sabon sakataren kwamiti. Sakataren ya shigo wata rana ya tarar an karya icen, mariƙi yana juyawa shi kaɗai, Baba Soja ya tsuguna zai canza. Ya tambaya mene ne wannan. Da ya ga asuwaki sai ya yi dariya, ya ce wane irin aikin ƙauye ne haka, ice a cikin inji. Baba Soja ya ce masa, “Oga, da gangan mai shi ya sa.” Ya ce masa aikinsa ƙofa ne, ya tsaya a ƙofa. Ya kira wani maƙeri ya dunƙula kusar ƙarfe ya buga a wurin, ya ce yanzu an yi gyara na har abada.

Kwana tara ta yi. Mahauta suka zo ranar Asabar kamar yadda suka saba, ɗaya ya fizga, kusar ta riƙe gam, haƙora huɗu suka zube a cikin injin.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Bai ce ya yi kuskure ba. Ya tara kwamiti ya ce ga abin da yake faɗa, mutanen kasuwa ba su san darajar abu ba, ba a sakar musu kayan kimiyya. Mutanen da suka shekara biyu suna juya shi bai lalace ba, su aka ɗora wa laifi. Yaron mahautan da abin ya karye a hannunsa har ofishin 'yan sanda aka so kai shi, sai da manyansu suka zo ba da haƙuri. Ba da haƙuri, Malam, a kan ɓarnar da wani ya yi da biro a aljihu.

Na tambayi taɓaryata. Baba Soja ya ce Sakatare ya ce ta yi datti, akwai babban baƙon da ake sa ran zuwansa, ba zai ga wannan ba. Masu fenti suka haɗa ta da kujerar suka hura wuta suka dafa abincinsu. Iya Sikira ta ɗora hannu a ka ta fara zagi da Yarabanci, irin wanda ba zan rubuta ba. Ni ban yi kuka ba. Na ce ya ba ni gwangwanin. Yana nan a aljihun rigarsa, ko rabi ba a ci ba.

Kafin in je wurin Sakatare sai da na biya loko, na aika aka kira mini abokan aikinka. Suka ce tun da abin ya faru suka je suka ce za su yanka sababbin haƙora a lokacin hutunsu, su kankare fentin, don girmanka. An ce musu an gode, an riga an sa gilashi.

Ka san ni ba mai shiga ofis ba ce. Ban taɓa zama a kujerar da ke gaban tebur ba sai ran nan. Ya karɓe ni da fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yi mini ta'aziyya da Yarabanci mai kyau, ya sa aka kawo mini ruwa. Na juye gwangwanin a kan takardunsa. Na ɗauki guda na karya a gabansa, na ce wannan shi ne aikinta, karyewa. Na gaya masa duk abin da ka gaya mini, yadda ka faɗa, ban rage ba. Na ce a cire gilashi, a bar mutanen loko su gyara, ni zan kawo wata tsohuwar taɓarya, ko gida-gida ne zan bi a Agege in samo.

Ya saurare ni yana murmushi irin na wanda ke sauraron ƙaramin yaro. Ya ce, “Mama, mijinki ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma ki sani bai yi makarantar injiniya ba. A ƙasashen da suka ci gaba ba a sa asuwaki a inji.” Na ce masa ni ban je ƙasashen da suka ci gaba ba, amma na san asuwaki ya riƙe shi shekara biyu, ƙarfensa ya kashe shi a kwana tara, sai ya gaya mini wanne ne ya yi makaranta. Murmushin ya ragu.

Sai ya sauya magana. Ya ce in kwantar da hankalina, kwamiti bai manta da kai ba. Wata mai zuwa za a yi babban baƙo, kuma sun yanke shawarar buga farantin tagulla a jikin teburin, a zana sunanka, kowa ya san wanda ya ƙera. Za a kira ni in tsaya a gefe a ɗauki hoto. Ya ce abin da ya rage kawai in faɗa masa cikakken sunanka da na mahaifinka, don a takardunsu Malam Fita kawai Ticha ya rubuta. Ya buɗe biro yana jira.

Malam, a nan ne na tsaya. Shekara ashirin da uku ina gidanka, bakina bai taɓa kiran sunanka ba, ko a bayan idonka. Kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya so farantin nan. Ba mu da ɗa namiji da zai ɗauki sunanka. Kabarinka ba alama, kamar na kowane Musulmi. Mutanen loko za su tsufa su watse. Na hango ɗan da Binta za ta haifa, an kawo shi ya girma, an nuna masa an ce ga sunan kakanka a tagulla, a babban gini a Ikko. Wace mace ce ba za ta so haka ba?

Amma na juya na hangi injin ta ƙofar ofis, kore shar, ba ya motsi, haƙoransa a karye a ƙarƙashin fenti. Duk wanda ya karanta sunanka a wurin zai ce wannan mutum ya ƙera abin kallo ne, ya sa wa mutane igiya. Zai ce kai ka ce kada a taɓa. Na ce wa Sakatare mijina bai ƙera wannan ba. Wanda ya ƙera yana da mariƙi, yana kuka, masu kifi suna juya shi. Ranar da aka cire gilashi, ya aiko, zan zo da ƙafata in faɗi sunan da ban taɓa faɗa ba, a gaban kowa, da ƙarfi. Kafin nan ban yarda ba, kuma ba zan tsaya hoto ba.

Ya rufe biron. Ya ce to shi ke nan, tunda haka na zaɓa, za a rubuta sunan kwamiti kawai, kuma in sani tagulla in an zana ta ba a gogewa. Na ce na ji. Na tattara asuwakina na fito. A jirgin komawa, da muka wuce Oshodi, Iya Sikira ta ce, “Asabe, kin yi daidai, amma ni da na karɓa.”

Jiya Baba Soja ya aiko mini da saƙo. An buga farantin. Sunan kwamiti ne, da na babban baƙon. Naka babu.

To ka ji abin da na yi. Da hannuna na hana a rubuta sunanka a wuri ɗaya tak da aka taɓa niyyar rubuta shi. Wani lokaci in ce haka za ka so, don na ga yadda kake laɓewa jikin bango kada a gane ka. Wani lokaci kuma in ce, Asabe, fushinki kika bi, kika jingina shi ga mamaci, wanda ba zai iya cewa a'a ba. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma wanda zai raba mini gardamar ba ya nan. Kai ne kullum kake bari in gama faɗa, sannan ka ce, “To, 'yar Ikko, zauna mu duba.” Ba wanda ke ce mini haka yanzu.

In na yi daidai, alhamdu lillahi. In na yi kuskure, ka yafe mini, kamar yadda ka sha yafe mini abin da ya fi wannan. Ni dai na kasa barin a ce kai ne ka hana mutane taɓawa.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Allah Ya sa duk hannun da ya juya injin nan ya fahimci wani abu ya zame maka sadaka mai gudana, ko da ba su san sunan wanda za su yi wa addu'a ba, ai Shi Ya sani. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka tambaya, Ya haɗa ka da iyayenka da nawa a gidan aminci. Allah Ya sauki Binta lafiya. Wanda ya yi mana wannan kuma, Allah Ya ganar da shi tun yana kan kujerar, ni ban iya roƙa masa fiye da haka ba tukuna. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani in tarar da kai ba ka fushi da ni.

Wassalam.

Ni ce matarka, har gobe,
Asabe, uwar Binta,
Agege.